Sai An Raɗa wa Tsutsa Suna

Jama'a, yau wata guda ke nan cur da aka yi wa zogalen gidana tsirara, kuma sai yanzu na samu natsuwar da zan ba ku labari ba tare da na zagi kowa ba.

Da hantsi ne. Ina shagon ɗinkina a ƙofar gida nan unguwar Sintali a Jalingo, ina kokawa da wuyan wata riga da ta ƙi zama daidai, sai Jummai mai ɗakina ta leƙo.

"Malam, zo ka ga ikon Allah."

A gidanmu idan Jummai ta ce ikon Allah, to ko dai randa ta fashe ko baƙi sun sauka babu sanarwa. Na bi ta bayan gida. Zogale bakwai gare mu a jere jikin katanga. Su ne miyarmu, su ne kwaɗon da take sayarwa da yamma. Kwana biyu kafin nan suna nan kore shar. Ranar kuwa sanduna na tarar a tsaitsaye, kamar an kafa tsintsiya a ƙasa. Ko ganye ɗaya babu na rantsuwa.

"Awakin Hammanjoda ne," na ce, don a layinmu duk abin da ya ɓace awakin maƙwabcina Hammanjoda ake fara tuhuma.

"Akuya tana hawa bishiya ne?" in ji Jummai. Ta nuna mini reshe. Sai ga su nan, tsutsotsi koraye masu ratsin baƙi a baya, sun ƙoshi har ba sa iya motsi sosai.

Hammanjoda ya ji an ambaci sunansa, ya leƙo ta saman katanga.

"Malam Sada, kullum awakina, kullum awakina! Ka duba da kyau. Wannan gilɗi ne. Haka muke ce musu da Fillanci. Ka nemi gafarar awakina."

Na nemi gafarar awaki. Ban rufe baki ba sai wayata ta yi ƙara. Matiyu ne daga Iware. Shekara tara ke nan muna noma tare da shi: ƙasar gadon mahaifinsa ce, ni kuma nake kawo iri da taki, idan kaka ta yi mu raba. Waken wannan gona shi ne rabin abincin gidana, shi ne kusan duk na gidansa.

"Malam Sada, ka zo yanzu-yanzu," ya ce. "Wake ya tafi. Wani abu yana aske shi. Matata ya yi kuka tun safe."

Na rufe shago na tafi tasha. Motar Iware ta cika, muka tashi, ba mu yi nisa ba direba ya karkata ya shiga layin mai da mu a ciki. Awa biyu muka yi muna matsawa taku-taku. Ban yi ƙorafi ba. Layin mai makaranta ce, a nan talaka ke koyon haƙurin da zai yi amfani da shi a ofis.

Abin da na gani a gona ya sa na zauna a kan kunya ba shiri. Daga gefen rafi har zuwa tsakiya, ganyen wake ya koma raga, sai jijiyoyi kawai. Idan ka yi shiru za ka ji su suna ci, wani ƙas-ƙas-ƙas kamar yayyafi a kan kwano. Rebeka matar Matiyu tana tsaye da hannu a ka. Ta faɗi sunan abin da yarensu na Mumuye, na gwada maimaitawa sau uku, ta ce in bari kada in ji wa harshena ciwo.

Sai Matiyu ya tuna mini. Kafin damina, wani babban mutum ya yi taro, rediyo ta kwana uku tana maimaitawa, cewa an cika sito da maganin feshi da famfuna, duk manomin da ƙwari suka taɓa ya zo kawai ya karɓa. Har tafi muka yi a lokacin. Muka samu kwalba mai murfi, muka huhhuda murfin da ƙusa, muka zuba tsutsa kamar talatin a ciki don shaida, muka kamo hanyar Jalingo.

Ba zan faɗi sunan ofishin ba, don ina da iyali. Ku dai ɗauka sunansa Ofishin Jin Ƙan Ganyaye da Dangoginsu. Akawun da muka tarar yana cin gyaɗa, ya miƙo mana fom ba tare da ya ɗago kai ba. Suna, unguwa, girman gona, duk na cike. Sai na zo layi na bakwai: sunan ƙwaro. Na rubuta tsutsa.

Akawu ya duba ya girgiza kai.

"Baba, tsutsa ba aikinmu ba ne. Tsutsa ta cikin yara ce. Sai ka je wajen masu lafiya."

Na goge, na rubuta ƙwaro.

"Wane ƙwaro? Sauro ma ƙwaro ne. Kyankyaso ƙwaro ne. So kake mu buɗe sito saboda kyankyaso?"

Matiyu ya ce to a sa fara mana, ai ita ma ganye take ci. Akawu ya ce fara tana da teburinta daban, mai teburin kuma ya tafi kwas tun watan Afrilu. Ya ƙara da cewa a ra'ayinsa fara ma ba annoba ba ce, abinci ce, in dai an samu yaji mai kyau.

Na ɗora kwalba a kan teburinsa. "Ɗana, ga su nan. Kai ka ba su suna."

Ya ja kujerarsa baya. "Wannan ya fi ƙarfina. Sai Oga."

Muka jira Oga daga azahar har la'asar. Zan kira shi Mai Girma Sarkin Sa-Hannu, Mai Riƙe da Mabuɗin Sito, Allah ya ja zamanin alƙalaminsa. Mutumin kirki ne, ban ɓoye muku ba. Ya ba mu kujera, ya tambayi iyali, ya tausaya mana har ya ce kash sau biyu. Sannan ya jawo wani fayil ya buɗe.

"Magani yana nan a sito," in ji shi. "Babu wanda ya taɓa shi. Amma takardar da aka sayo shi da ita ta ce na difoliyeta ne."

Na dubi Matiyu, Matiyu ya dube ni. Ni na ɗauka sunan wata baiwar Allah ce da aka ajiye wa maganin. Matiyu ya gaya mini daga baya cewa shi ya zaci sabuwar mota ce.

"Ranka ya daɗe, wace ce Difoliyeta?"

Ya yi murmushin masu ilimi. "Turanci ne, Malam. Duk ƙwaron da yake cinye ganyen shuka ya bar ta tsirara, shi ake kira haka."

"Alhamdu lillahi!" na ce, na tura kwalba gabansa. "Ai su ne waɗannan. Ga su ma da ransu."

"Wa ya tabbatar?"

"Wakenmu ya tabbatar, ranka ya daɗe."

"Wake ba ya sa hannu a takarda." Ya rufe fayil a hankali. Ya yi mana bayani dalla-dalla, don kamar yadda na ce mutumin kirki ne. Ƙa'ida ta ce dole manomi ya cike fom da harshen da yake ji, saboda a mutunta talaka. Ƙa'ida kuma ta ce abin da ke cikin fom dole ya yi daidai da abin da ke cikin takardar sito. To kalmar difoliyeta ba ta da fassarar Hausa da aka amince da ita tukuna. Saboda haka in na rubuta da Hausa bai yi daidai ba, in na rubuta da Turanci an danne mini haƙƙi.

Wallahi na jinjina wa wanda ya tsara wannan. Ni tela ne, na san aiki mai kyau idan na gan shi. Ko ɓarawon ɗinki ɗaya babu, wato babu inda allura ta tsallake.

"Amma ku kwantar da hankalinku," in ji Mai Girma. "An kafa kwamiti. Ranar Alhamis zai zauna ya samo kalmar. Ku ma ku zo, muna neman manoma biyu saboda hoto."

"Oga," in ji Matiyu, "yau Litinin. Abin nan ba ya hutu. Kafin Alhamis ya gama gona."

"A yi haƙuri. Gaggawa ce ma ta sa aka sa Alhamis."

Ranar Alhamis na sa rigata ta Juma'a, Matiyu, da ya kwana uku a gidana yana jiran taro, ya sa ta Lahadi da aka aiko masa, muka tafi wani otal da shi ma ba zan faɗi sunansa ba. An rataye ƙyalle mai faɗin bango, an rubuta Taron Masu Ruwa da Tsaki kan Raɗa wa Difoliyeta Suna. A ƙofa ana raba jaka da biro da hula. Mu an ce namu sun ƙare, amma an ba mu kujera a gaba, dab da babban teburi, inda mai hoto zai same mu. Kwalbar tana aljihuna. Kwana uku ina ciyar da su ganyen rama don kada shaida ta mutu, Jummai tana cewa ko 'ya'yana ban yi wa wannan hidima ba.

An yi addu'ar Musulmi, an yi ta Kirista. An gabatar da manyan baƙi, wannan kaɗai ya ci awa ɗaya da rabi, don kowane yana da laƙabi uku kuma in an tsallake ɗaya sai an koma baya. Shugaban taro wani dattijo ne mai babbar riga ta shadda da ta sha aiki, zan kira shi Mai Girma Uban Zama, Gwanin Ɗage Taro. Ya ce a kawo shawara.

Wani mai tabarau ya miƙe ya ce a kira su maciya ganye. Aka tafa. Sai wata Hajiya ta ce ba ta yarda ba, don akuya ma ganye take ci, kuma shi kansa Uban Zama likita ya ɗora shi a kan ganye saboda hawan jini. Aka janye.

Wani ya ce masu tuɓe wa shuka riga. Aka ce wannan babu ladabi, akwai mata a wurin.

Wani ya ce masu askin gona. Wani daga baya ya ce wanzamai da masu shagon aski za su ce an ci mutuncin sana'arsu, kuma suna da yawa, kuma zaɓe yana zuwa.

Sai wani matashin malami, da alama sabon ɗauka ne bai san dawan garin ba, ya ce me zai hana a ce ɓarayin ganye. Uban Zama ya gyara zama, ya ce kalmar farko ta yi nauyi, kuma bai kamata a riƙa furta ta a taron mutunci ba, don tana sa wasu baƙi rashin sakewa.

Duk wannan lokaci Matiyu yana ta motsi a kujera. Na san gonarsa yake gani. Da safen ranar Rebeka ta kira ta ce sun ƙetare tsakiya. Sai kawai ya ɗaga hannu, ya miƙe kafin a ba shi izini.

"Ranku ya daɗe, ni ba ni da boko. Amma abin nan na san halinsa. Ya zo gona da bai shuka ba. Ya ci da safe, ya ci da rana. Ba ya cewa ya isa. In ya gama naka ya tafi na maƙwabci. Ku sa masa Cinye-Duka, mu tafi mu ɗauki magani."

Wani ya dubi silin. Wani ya hau duba wayarsa a kife. Mai Girma Sarkin Sa-Hannu ya raɗa wa Uban Zama wani abu a kunne, Uban Zama ya jawo abin magana.

"Muna godiya ga ɗan'uwanmu manomi. Sai dai wannan suna za a iya yi masa wata fassara. Ba ma son a ce taron nan habaici ya zo yi wa wani."

"Wa?" in ji Matiyu, da zuciya ɗaya.

"Lokacin abinci ya yi," in ji Uban Zama.

Kafin a tashi aka yanke shawarar kafa ƙaramin kwamiti da zai je garin Mutum Biyu ya kwana huɗu yana sauraron yadda mutanen can ke kiran abin, sannan a sake zama bayan mako uku.

Aka fara jera abinci a babban teburi. Shinkafa, kaji, da wani babban faranti na latas da kabeji da aka ajiye musamman gaban Uban Zama saboda umarnin likita. Mai hoto ya ce manoma biyu su matso a ɗauke su da manya. Muka matsa. Ya ce in fito da kwalbar nan in riƙe, hoton zai fi ma'ana. Na fito da ita. Ya ce in ɗan karkato ta wajen haske.

Ina rantse muku ban kwance murfin ba. Matiyu ma ya rantse. Ni dai na san kwana uku ina buɗewa ina rufewa, wataƙila ya gaji. Murfin ya faɗo, tsutsa talatin da suka kwana uku a kan ganyen rama tsagwaronsa suka zubo a kan latas mai sanyi. Ba su jira addu'a ba.

Uban Zama ya ɗauki cokali ke nan. Ya duba farantinsa, ya ga yana tafiya. Ya yi tsalle ɗaya, babbar riga ta kama kujera, kujera ta kife, ya ƙwala ihu da Hausa tsantsa irin ta kakarsa:

"Tsutsa! Tsutsa! Wayyo, tsutsa!"

Matiyu ya juya wajen mai rubuta bayanin taro. "Ɗan'uwa, rubuta. Shugaba ya faɗi suna."

Abin da ya biyo baya shi ya tabbatar mini cewa masu cewa ofisoshinmu ba sa aiki da sauri sharri suke yi. Cikin minti ashirin mabuɗin sito ya fito. Babu fom, babu layi na bakwai. Mota ta je ta dawo da famfo biyu da jarkar magani, aka feshe zauren otal tun daga babban teburi har bakin ƙofa. Ina tsaye ina kallon maganin wakenmu yana sauka a kan kafet.

Na matsa kusa da Mai Girma Sarkin Sa-Hannu. "Ranka ya daɗe, tunda sito a buɗe yake..."

"Wannan na gaggawa ne," ya ce. "Naku yana bin tsari."

Masu gadi suka raka mu har titi cikin girmamawa, ɗaya a kowane hannu.

Muka shiga motar Iware, Matiyu yana ta lissafin abin da ya rage a gona. Ni ma dariyar da ta taso mini a otal ta koma ciki. Mun ɓata kwana huɗu, kuma mu biyu ne za mu tsaya gaban Rebeka hannu wofi.

Ashe ita ba ta jira mu ba. Mun tarar da gona cike da mata, 'yan zumuntar cocinsu da maƙwabtansu, kowace da bokiti. Tun ranar Talata ta sa aka daka ganyen dogon yaro da 'ya'yansa aka jiƙa a ganga, aka zuba sabulu, suna yayyafawa da tsintsiya kunya-kunya. Wasu suna barbaɗa toka. Wasu suna tsincewa da hannu suna zubawa a bokiti, an kwaso kajin unguwa an sake su a bakin gona suna shagali.

Rebeka ta dube mu daga sama har ƙasa, da rigunanmu na fita.

"Baban Keziah, ina magani?" ta ce wa Matiyu.

"Suna neman suna tukuna."

"To." Ta miƙa masa bokiti, ta miƙa mini wani. "Malam Sada, kai ma ka cire hula. Wanda ka kama, ka tambaye shi sunansa kafin ka ba kaza."

Kwana biyar muka yi a duƙe. Jummai ta biyo ni da tukunyar abinci, Hammanjoda ma ya zo rana ɗaya ya taya mu, yana tsincewa yana faɗa wa kowa cewa awakinsa ne aka so a ɗora wa. Bayana har yau bai miƙe daidai ba, yatsuna kuwa sun yi mako suna ɗaci. Ɓangaren rafi ya tafi, babu yadda muka iya. Amma daga tsakiya zuwa hanya wake ya sake toho, yanzu haka yana fure. Ba za mu ci kamar bara ba, amma za mu ci.

Shekaranjiya na ji a rediyo cewa ofishin nan ya yi nasarar murƙushe annobar difoliyeta a yankinmu saboda matakin gaggawa da ya ɗauka. Ina taya su murna da zuciya ɗaya. Gaskiya suka faɗa: tun daga ranar ba a sake ganin tsutsa ko ɗaya a otal ɗin ba. Ƙaramin kwamiti kuma ya dawo daga Mutum Biyu lafiya, an ce ya gano mutanen can tsutsa suke cewa, amma za a sake nazari.

Jiya na koma gona. Muna zaune da Matiyu a inuwa, sai muka ga wasu ƙananan abubuwa masu fiffike suna ta shawagi a kan furen wake, farare da ruwan ƙasa, gwanin kyau. Ya ce su ne ragowar da suka tsere mana. Wai in sun ƙoshi sai su shige ƙasa su yi lamo na ɗan lokaci, har a manta da ɓarnarsu. Sannan su fito da sabuwar riga, su tashi sama, yara suna bin su suna tafi.

Na ce to ai yanzu sun huta da neman suna, don Bahaushe ya riga ya ba su: malam-buɗe-littafi. Ka cinye gonar mutane, ka ɗan ɓuya, ka dawo har da laƙabin Malam.

Ni dai labarin ƙwari nake ba ku, jama'a. Wanda ya ji kamar an kira shi, sai ya cike fom.